Mikel, yaron Jos da na yi shekara bakwai ina jin haushinsa

Kullum in an sallame la'asar nakan rufe shagon ɗinkina, in rataya usur a wuya, in gangara filin wata firamare da ke bayan unguwarmu a nan Jos. Yara kamar 20 ne ke jirana, babbansu bai wuce shekara 15 ba. Ba wanda ke biyana, ban kuma taɓa zuwa makarantar koci ba. Abin da na sani a ƙwallo a kan jar ƙasar nan na koye shi, sai kuma kan bencin gidan kallo.

Duk yaron da ya zo sabo sai na tambaye shi lambar da yake bugawa. Amsar ba ta wuce uku: 10, ko 9, ko 7. Tun da na fara har yau ba a samu wanda ya ce mini 4 ba. Mu a nan 4 muke ce wa ɗan tsakiyan da ke zama a gaban masu tsaron baya, wanda Turawa ke kira 6. Yara sun ɗauka wuri ne na wanda bai iya ba, kamar yadda akan tura ƙaramin ƙane gola don kawai a cike gurbi.

Makon jiya na ɗauki wanda ya fi kowa iya riƙe ƙwallo a cikinsu, wani siririn yaro mai dogayen ƙafafu, na ce daga yau 4 zai koma. Bai yi mini musu ba, yaro ne mai ladabi. Sai da aka tashi na hango shi zaune a kan dutse a bakin fili, ya haɗa kai da gwiwa. Da na ƙarasa ya ɗago, ido jajur, ya ce, "Koci, laifin me na yi maka?"

Da tambayar nan na kwana a raina, domin ni ma na yi shekaru ina yin ta a madadin wani. José Mourinho, tsohon kocin Chelsea, nake yi wa ita a zuciyata, a kan John Mikel Obi.

Mikel ɗan garinmu ne. A Jos aka haife shi ranar 22 ga Afrilu 1987, iyayensa Ibo ne, mahaifinsa yana harkar motocin sufuri. Asalin sunan Michael ne. Lokacin da ake rajistar yaran Najeriya don gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Finland a 2003 aka yi kuskuren rubutu, ya fito Mikel, shi kuma ya ji sunan ya kwanta masa ya riƙe. Ya bi ta makarantar ƙwallo ta Pepsi, ya taka leda a Plateau United, daga nan ya haura Norway, ƙungiyar Lyn da ke birnin Oslo. Unguwarmu ba ɗaya ba, ban taɓa ko gaisawa da shi ba, kuma na girme shi da shekara biyu. Amma duk wanda ya tashi a garin nan ya san yadda muke ɗaukar wanda ya sha sanyin Disamba tare da mu, ya buga ƙwallo a kan tsakuwar da muka buga. Namu ne, ba ruwanmu da yarensa ko inda yake ibada.

A tsakiyar 2005 aka yi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Holan, Samson Siasia ne koci. Gidan kallon unguwarmu a lokacin rumfar kwano ce, da talabijin biyu a kan tebur da wani janareta mai tari, naira 20 ake biya a shiga. A wannan rumfar na fara ganin abin da har gobe ban ga wani ɗan Najeriya ya yi irinsa ba bayan Okocha, kuma ma ba irin na Okocha ba ne. Okocha yanka yake yi a tashi ana ihu. Shi wannan yaron tafiya yake yi da ƙwallo kamar mai zagaya tsakar gidansu, kai a sama, ba ya ko kallon ƙafarsa. A kawo masa mutum biyu, ya juya musu baya, ya lallaɓa ya fice ta tsakaninsu, ya zura fasin ta inda mu da ke kallo daga sama ma ba mu hango hanya ba. Shekararsa 18.

Muka cire masu masaukin baƙi a bugun fanareti, 10 da 9, muka lallasa Maroko 3 da nema, muka je wasan ƙarshe da Ajantina a Utrecht ranar 2 ga Yuli. Fanareti biyu Lionel Messi ya ci mu, Chinedu Ogbuke ya farke ɗaya da ka a tsakaninsu, aka tashi 2 da 1. Da aka zo rabon kyauta Messi ya ɗauki ƙwallon zinare, Mikel ya ɗauki na azurfa, Taye Taiwo na tagulla. Ku tambayi duk wanda ya kalli gasar nan: a wannan daren ba mu ga wata tazara mai yawa tsakanin na ɗaya da na biyu ba. Mun fito daga rumfa muna baƙin cikin kofi, amma kowa na cewa Allah Ya ba mu magajin lamba 10.

Ni kuwa murnata biyu ce, don ni ɗan Manchester United ne tun 1999. A ƙarshen Afrilun wannan shekarar United ta sanar cewa ta sayi Mikel daga Lyn, har aka ɗauke shi hoto da jar riga mai lamba 21. Ina koyon ɗinki a lokacin. Na samo ƙyallen farin yadi a cikin ragowar da maigidana ke zubarwa, na zana haruffa da alli, na yanka su ɗaya bayan ɗaya da almakashi, na ɗinka MIKEL da 21 a bayan jar rigata. Kwana biyu na yi a kai, saboda harafin K ya ƙi zama daidai sai da na sake shi sau uku. Da wannan rigar na kalli wasan Ajantina.

Ashe tun a watan Mayu labari ya fara juyewa. Yaron ya ɓace daga Norway, ya ɓulla a Landan, ya ce matsa masa aka yi ya sa hannu, shi Chelsea yake so. Aka shiga rikici na fiye da shekara. A Yunin 2006 aka sasanta: Chelsea ta biya fam miliyan 16, United ta karɓi 12, Lyn ta karɓi 4. Daga baya kotu a Norway ta samu wani jagoran Lyn da laifin yin takardun jabu a kan kwantiragin yaron, wato dai ba ƙarya yake yi ba da ya ce akwai lauje cikin naɗi. Amma wa ya tsaya sauraron wannan? Ni dai abin da na sani shi ne ya sa rigarmu ya tuɓe. Na ɗauki reza na farke haruffan nan da hannuna. Sawun allura bai ɓace ba, in ka ɗaga rigar a rana kana iya karanta sunan.

To ga haushin ƙungiya, ga kuma abin da ya biyo baya, wanda ya fi ciwo. A Chelsea ya tarar da Lampard da Ballack da Essien, ba wurin wani yaro mai son yawo da ƙwallo a gaba. Claude Makélélé ne ke zaune a 4, shekaru sun fara cim masa. Mourinho ya dubi tsawon Mikel da ƙarfin ƙugunsa da yadda ba a iya ƙwace ƙwallo a ƙafarsa, ya ce ga magajin Makélélé. Shi ke nan. Aka ce masa karɓi, ba na kusa da kai, koma wurinka. Farkon zuwansa ma bai ji da daɗi ba. An kore shi da jan kati a gidan Reading a Oktoban 2006, ranar da Petr Cech ya samu karaya a ƙoƙon kai. An sake korar shi a wasan ƙarshe na kofin League da Arsenal a 2007, lokacin da faɗa ya kaure. A Satumbar wannan shekarar aka ba shi wani jan katin a Old Trafford, kuma Allah Ya sani ranar har kan benci na hau don murna. Ina tuna wannan da kunya yanzu.

A rumfa suna muka sa masa, Mai Mayar da Aike, don a ganinmu duk ƙwallon da aka ba shi baya yake mayar da ita, ko gefe. Kuma alƙaluma suna bayanmu. Shekara goma da rabi ya yi a Chelsea, wasa 372, ƙwallo 6 kacal ya ci. Ƙwallonsa ta farko a gasar Firimiya sai a Satumbar 2013 ta zo, a ragar Fulham, bayan shekara bakwai. A daidai lokacin nan wanda suka tsaya tare a Utrecht yana tara kyautar gwarzon duniya kamar mai tsintar goro. Maganarmu ɗaya ce: Mourinho ya kashe mana yaro.

Yayana ɗan Chelsea ne, direban babbar mota, mutum ne da ba ya son dogon musu. In na fara, sai ya ce, "Ƙanena, ƙirga mini masu horarwar da suka zo suka tafi." Idan aka ƙirga su har tsakiyar 2016, akwai Mourinho, da Grant, da Scolari, da Hiddink, da Ancelotti, da Villas-Boas, da Di Matteo, da Benítez, kafin Mourinho da Hiddink su sake dawowa. Mutum takwas, kowa da irin ƙwallonsa, a ƙungiyar da mai ita ke iya sayen duk wanda ya ga dama. Kowannensu ya zo ya tarar da Mikel, ya sa shi a fili. "Dukansu makafi ne, kai kaɗai ke gani?" Ba ni da amsa, amma ban sauka ba.

Abin da ya saukar da ni dare ɗaya ne, 19 ga Mayu 2012, wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai a Munich. Na je ne in ga an wulaƙanta Chelsea. A filin Bayern ake wasan. Terry da Ivanovic da Ramires da Meireles duk an dakatar da su. Cahill da David Luiz da za su tsare baya daga jinya suka taso. Wani yaro, Ryan Bertrand, ranar ya fara buga gasar a rayuwarsa. Muna zama yayana ya dafa gwiwata ya ce, "Yau alfarma ɗaya nake roƙo. Kada ka bi ƙwallo da ido. Lamba 12 za ka bi, Mikel."

Na yi masa, don girmansa. Wuya gare shi fa, domin ido ƙwallo yake so, kamara ma ita take bi. Amma bayan minti goma sai na fara ganin wani wasa daban da ke gudana a ƙarƙashin wanda kowa ke kallo. Duk lokacin da Schweinsteiger ko Kroos ya ɗaga kai yana neman Müller a tsakanin layuka, sai ka ga doguwar inuwar nan ta riga ta tsaya a kan hanyar. Ba gudu, ba zamiya a ƙasa, taku uku ne zuwa hagu, biyu zuwa dama. Mai ƙwallo ya duba ya ga ƙofa a rufe, dole ya kai ta gefe. In Robben ya yanko ciki da ƙafar hagunsa kamar yadda ya saba, Mikel na nan yana jiransa a bakin da'ira. Fasin da ba a yi ba saboda mutum ya tsaya a inda ya dace, ba mai rubuta shi a takarda, ba kuma a maimaita shi a talabijin. Amma shi ne wasan.

Sai kuma abin da ya fi burge ni, wanda tun daga ranar nake ƙoƙarin koya wa yarana. In Chelsea ta ƙwato ƙwallo, kowa a gajiye, jajayen riguna sun taso kamar zuma, wa ake ba? Shi. A mafi munin wuri, baya ga abokan gaba, mutum biyu a wuyansa. Sai ya turo ƙugu, ya buɗe hannu, ya sa jikinsa tsakanin mutum da ƙwallo, ya taka ta da tafin ƙafa. Ka tura shi, ba ya motsi. Ka zura ƙafa, ka yi keta, alƙali ya busa, abokan wasansa su samu daƙiƙa 30 na numfashi. In ba ka zura ba ya juya ya miƙa wa Lampard a hankali. Ashe wannan fasin na gefe da muke yi wa dariya shi ne ruwan da ake ba mai gudu. Kuma da na duba da kyau, juyin nan da yake yi, shi ne dai na Holan. Bai ɓata ba. Wuri aka canja masa, aka kai shi inda kuskure ɗaya ke zama ci.

Bayern ta yi bugun kwana 20 a daren nan, Chelsea ta yi ɗaya. Müller ya ci a minti na 83, Drogba ya farke da ka a na 88 daga wannan kwanar guda. A ƙarin lokaci Cech ya kama fanaretin Robben. Mikel ya yi minti 120 cur, kuma a minti na ƙarshe yana tsaye inda yake tsaye a na farko. Da Drogba ya buga ta ƙarshe rumfa ta kece, aka yi ta kiran sunansa da na Cech, kuma sun cancanta. Ni dai ina zaune. Akwai wani abu da ke faruwa a gidan kallon nan in iska ta juya dish: mai gidan ya hau kwano ya gyara, hoto ya dawo, a tafa masa. Ban taɓa jin an tafa wa yaron da ya riƙe masa tsani ba. Wannan ne ya faɗo mini a rai. Yayana bai ce mini komai ba a hanyar gida, ni ma ban ce ba. Da muka zo ƙofa na ce, "Yaya, na gani." Ya ce, "To, madalla."

Daga nan na koma kallon wasanninsa na Najeriya da wani ido. Ya fara zuwa Kofin Afirka a Masar a 2006, ya shigo daga benci a wasan Zimbabwe ya bayar aka ci, shi ma ya ci. Rauni ya hana shi Kofin Duniya na 2010. An daɗe ana zarginsa da cewa ba ya ba ƙasa zuciyarsa kamar yadda yake ba Chelsea, ni ma na faɗa. Amma 2013 ta zo, a Afirka ta Kudu, da tawagar koci Stephen Keshi da ba wanda ya ba ta komai. A tsakiya Mikel ne da Ogenyi Onazi, ga Ahmed Musa a gefe, duka ukun yaran Jos. Ya ɓarar da fanareti a wasan Zambiya, aka zage shi, bai girgiza ba. Wasan da ya kamata a nuna wa duk mai koyon tsakiya shi ne na Kwaddebuwa, inda ya tsaya gaba da gaba da Yaya Touré a lokacin da Yaya ke kan ganiyarsa, muka ci 2 da 1, Emenike da Sunday Mba. Ranar 10 ga Fabrairu a Johannesburg Mba ya sake ci, muka doke Burkina Faso, kofin ya dawo gida bayan shekara 19. A zaɓen gwarzon Afirka na wannan shekarar Mikel ne ya zo na biyu, bayan Yaya.

Abin da ya sa na daina kallonsa a matsayin ɗan ƙwallo kawai kuwa, a 2016 ya faru. Siasia ya kira shi ya jagoranci yaran Olamfik zuwa Brazil. Chelsea ta yi sabon koci, Antonio Conte, kowa na fafutukar samun wuri, kuma Mikel ya san abin da tafiyar za ta iya jawo masa. Ya tafi. Tawagar ta maƙale a Atlanta saboda matsalar kuɗin jirgi, shi da kansa ya sa hannu a aljihu ya rufa wasu buƙatun yaran. Ranar wasan farko suka sauka a Manaus, saura 'yan sa'o'i a take leda da Japan. Suka ci 5 da 4, Etebo shi kaɗai ya zura huɗu. Mikel ya ci Denmark a kwata fainal, Jamus ta tare mu a wasan kusa da na ƙarshe, sannan muka doke Honduras 3 da 2 a neman na uku, Sadiq Umar ya ci biyu, Aminu Umar ɗaya. Wannan tagullar ita kaɗai ce lambar da Najeriya ta samo a duk wasannin Rio. Ya koma Landan, Conte bai sa shi ko minti ɗaya ba. A Janairun 2017 ya tattara ya tafi Tianjin a ƙasar Sin, da kofin Firimiya biyu da na Zakarun Turai a tarihinsa, ba tare da an yi masa wasan bankwana ba.

Akwai maganar da ba na son taɓawa amma ba yadda za a yi a tsallake ta. A Agustan 2011 aka sace mahaifinsa a nan Jos. Kwana biyu bayan haka ya buga wa Chelsea wasa a gidan Stoke. Sai bayan kwana goma aka samu dattijon a Kano. Muka ce Allah Ya kiyaye gaba. Ranar 26 ga Yuni 2018, a Kofin Duniya na Rasha, a Saint Petersburg, Najeriya za ta kara da Ajantina, canjaras ya ishe mu mu wuce. Saura kamar awa huɗu a fara aka kira Mikel, wanda shi ne kyaftin, a waya, aka ce an sake sace mahaifinsa a hanyar Makurɗi zuwa Inugu, kuma in ya faɗa wa hukuma za a harbe shi. Bai faɗa wa koci Gernot Rohr ba, bai faɗa wa abokan wasansa ba. Ya ɗaura kyallen kyaftin, da bandeji a hannun da ya karye a wasan Iceland, ya jagoranci yara suka fito. Messi ya ci, Moses ya farke da fanareti, muna ta ƙirga mintuna, sai Rojo ya ci a na 86.

Na kalli wasan nan daga farko har ƙarshe, kuma lamba 10 da ke bayan Mikel na bi da ido kamar yadda yayana ya koya mini. Wallahi ban ga komai a fuskarsa ba. Yana nuna wa Ndidi inda zai tsaya, yana karɓar ƙwallo a matse, yana zuwa wurin alƙali a kan hannun da Rojo ya yi. Sai bayan kwana shida, da 'yan sanda suka kuɓutar da mahaifin, duniya ta ji. Ina kan keke ina ɗinkin wata riga aka faɗa a rediyo, na ɗauke ƙafa daga feda na daɗe ban mayar ba. Mahaifina ya rasu ina da shekara 24, na san yadda ƙafa ke mutuwa in an kira ka a kan uba. Ban ce abin da ya yi shi ne daidai ga kowa ba. Da ya ce ba zai iya bugawa ba, ba mai hankalin da zai zarge shi. Amma na gane cewa natsuwar nan da muka yi shekaru muna kira sanyin jiki, ita ce ta riƙe shi a tsaye na minti 90 a wannan daren.

Sauran tafiyar gajeriya ce. Middlesbrough na wata shida, sai Kofin Afirka na 2019 a Masar, inda ya fara, a can ya ajiye rigar ƙasa da lambar tagulla bayan wasa kusan 90. Ya je Trabzonspor a Turkiyya, ya rabu da su a Maris 2020 saboda ya fito fili ya ce bai kamata a ci gaba da wasa ana tsakiyar annobar korona ba. Ya yi kaka ɗaya a Stoke, ya ɗan leƙa Kuwait, ya yi ritaya a Satumbar 2022 yana da shekara 35.

Kada in yi ƙarya, har yanzu akwai abin da ke sosa mini rai. A gasar Kofin Nahiyoyi ta 2013 a Brazil, a wasan Uruguay, ya karɓi ƙwallo a bakin da'ira, ya kwantar da Diego Lugano da taɓi ɗaya, ya nannaɗa ta da ƙafar hagu cikin raga. Na yi tsalle, sannan na ji wani abu ya tokare mini maƙogwaro, don yaron Utrecht ne ya leƙo ya koma. Da an bar shi a gaba tun yana 19, a ƙungiyar da za ta haƙura da kurakuransa, mai yiwuwa da mun ga irin wannan sau hamsin. Mai yiwuwa kuma da ya bi sahun tarin 'yan lamba 10 da muka yi wa kirari suna yara, yau ko sunansu ba a tunawa. Shi kansa bai taɓa zama mai gudu ba, kuma ƙwallon Turai ta riga ta fara juya wa lamba 10 mai tafiyar ƙasaita baya. A Rasha Rohr ya sa shi a 10 a wasan Kuroshiya, muka sha kashi 2 da nema, bai taɓuka komai ba. Da aka mayar da shi baya a wasan Iceland, tsakanin Ndidi da Etebo, tawagar ta zauna daram, Ahmed Musa ya ci biyu. Na yarda an yi asarar wani abu. Kalmar kisa ce na janye.

Yaron nan nawa ban yi masa dogon bayani ba. Washegari na kira shi shago, na ba shi kujera kusa da keke, na buɗe masa wasan Munich a waya, na ce ya bi lamba 12 da ido har sai batir ya mutu. Ya kalla shiru. Can ya ce, "Koci, ai ba sa iya karɓa a wurinsa." Na ce ci gaba da kallo.

Da yamma ya zo fili ya tsaya a 4 ba tare da na ce masa ba. Ƙwallon farko da ta zo masa ya yi niyyar yanke mutum uku, aka ƙwace, aka ci mu. Ban busa ba, ban yi magana ba. Ta biyu ta zo masa a matse, wani ƙato a bayansa. Sai na ga ya turo ɗan ƙugunsa, ya buɗe hannu, ya taka ta, ya jira har ƙaton ya gaji da turi, ya juya ya miƙa wa na gefensa. Ya waiwayo yana nemana da ido.

Ranar Asabar muna da wasa da yaran unguwar gangare. Na ce masa akwai ragowar farin yadi a shago, zan yanka masa lamba in ɗinka a bayan rigarsa da hannuna. Ya ce in dakata tukuna, sai an tashi wasan zai faɗa mini wadda yake so.